Ciwon da Ya Ɓuya Bayan Kunyar Ɗan Fari

Da sunan Allah nake farawa, Shi yake saukar da cuta, Shi yake ɗauke ta. Sunana Malam Habu, gidana yana Birni, a Damagaram. Karatun lakwal, wato na boko, ban yi nisa a cikinsa ba. Aikin da na yi a rayuwa shi ne riƙon sito a Zango, wurin wani ɗan kasuwar wake, har ƙarfina ya ja baya na ajiye. Sito ya koya mini abu guda: buhun da ya shigo a san daga ina ya fito, wanda ya fita a san ina za shi. Da wannan ido nake kallon mutane, kuma ban ga dalilin sakewa ba.

Ina rubuta jinyar 'yata Balkisa ne domin iyayen da 'yarsu ta dawo gida haihuwar fari. Saura ƙiris a raba ta da ɗanta, alhali ciwon ya fara ne muna zaune muna yabonta. Zan bi abin daki-daki yadda ya faru.

Balkisa tana auren Sani, mai gyaran babur a Zango, asalinsu mutanen Dogo ne. Da cikinta ya tsufa ta dawo gidana kamar yadda aka saba. Ta haihu a asibiti, namiji, ba tiyata, ba ƙarin jini. Aka dawo da ita gida, ƙanwata Ladi ta tare a wurinmu domin yi mata wankan jego.

Tun ranar farko Balkisa ba ta dubi yaron ba. In an miƙa mata shi sai ta kau da kai. In zai sha nono sai an riƙe mata shi. Ba wanda ya ga aibu, domin haka muka taso muka tarar: uwa ba ta rawar kai da ɗan fari a gaban manya, ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa sai an matsa mata. Ranar suna aka sa wa yaro sunan marigayi kakansa na wajen uba, ana kiransa Abba. Mata suka cika gida. Ina zaure ina jin abin da suke faɗa in sun fito.

"Kin ga 'yar Malam Habu? Ko ɗaga ido ba ta yi ba."

"Ai ita ta san kunya. Ba irin 'yan yanzu ba, cibiya ba ta faɗi ba sun ɗaga jariri sama suna hoto da waya."

Uwar Sani, Iya Gambo, ta zo daga Dogo. Ta rungume yaron tana cewa mijinta ne ya dawo mata. Ta aiko mini da goro na daban, wai tukwicin tarbiyya. Na karɓa, na ci.

Mako na biyu da na uku suka tafi a wanka, safe da yamma. Duk wanda ya zauna Damagaram ya san halin ruwa. Famfo ya ɗauke ba labari ba ne. Tukunyar jego kuwa ba ruwanta da wannan. Abin da na tanada ya ƙare a hannun 'yan ga-ruwa da masu itace tun ba a raba arba'in biyu ba. Ban yi ƙorafi ba, hakkina ne. Abin da ya dame ni, kunun kanwa da gasasshen naman da ake kai mata, yadda suka shiga haka suke fitowa. Uwarta, Hadiza, ta ce yarinyar ba ta barci, duk sanda ta farka sai ta gan ta zaune tana kallon bango. Ladi ta ce zafin wanka ne, zai wuce.

Ni abin da ya fara tsaya mini a rai gaisuwa ce. A gidana kowa yana gaishe ni bayan sallar asuba, babba kafin ƙarami. Mai jego ba ta fitowa, don haka ni nake tsayawa a ƙofar ɗakinta in yi gyaran murya, ta gaishe ni daga ciki. Wata safiya na yi gyaran murya, shiru. Na sake, shiru. Na kira Hadiza gefe na ce, "Wannan ba kunya ba ce. Ni ba ɗan farinta ba ne."

A ranar Hadiza ta tsare ta da tambaya har ta yi magana. Ta ce, "Inna, ku ɗauke shi daga kusa da ni. Nonona ba shi da kyau. Ni ba uwar kirki ba ce, cutarsa zan yi." Ta ƙara da cewa da ma ba ta tashi daga gadon haihuwar ba. Hadiza ta kawo mini maganar.

Daga nan shawarwari suka fara shigowa, kowa da tasa. Ladi ta ce iska ce, wata rana an makara wankan yamma har magariba ta riske su. Wata maƙwabciya ta ce baki ne, yabon ranar suna ya yi yawa. Wani ɗan'uwana ya ce akwai malami wajen Tirmini da ake kai wa irin wannan, a bar masa ita sati biyu. Na tambaye shi: wa aka taɓa kai masa, 'yar wane gida, yanzu tana ina? Ya kasa kawo mini ko mutum ɗaya. Na ce to ba za ta je ba. Rubutu da addu'a na yarda da su, limaminmu ya yi, ta sha. Hayaƙi na hana, domin akwai jariri a ɗakin.

A mako na huɗu muka tafi asibiti. Mai jego ba ta hawan babur ɗin kabu-kabu, dole muka ɗauki shatar mota, kuma a duk jinyar nan motar ta fi maganin cin aljihu. Muka fara da sashen haihuwa, muka yi layi har hantsi ya ɗaga, aka duba jikinta aka ce lafiya lau, mu zagaya baya. Sashen da ke bayan na masu taɓin hankali ne, kowa a gari ya san sunan da ake kiransa da shi. Na ja rawanina na rufe rabin fuska. A can ma layi ne, kuma ina kallo mutum biyu da suka zo bayanmu suka shige gabanmu saboda sun san wani. Wannan ba daidai ba ne, na faɗa a wurin, ina kuma sake faɗa a nan.

Lokotoron, wato likitan da ya gan ta, yaro ne, bai kai Sani ba, amma ya san aikinsa. Ya tambaye mu tun yaushe. Na ce mako guda ke nan. Ya juya ya tambaye ta. Da kyar ta ce, "Tun ranar da na haihu." Hadiza ta ce mu kunya muka ɗauka. Sai ya ce, "Hajiya, kunya ba ta hana barci, ba ta hana cin abinci." Wannan magana ta zauna mini. Ya faɗi sunan ciwon da Faransanci, ya ce ciwon damuwa ne da ke kama wasu mata bayan haihuwa, ba rashin imani ba ne, ba kuma laifin kowa ba. Ya rubuta magani, ya ce ba zai yi aiki a kwana biyu ba, kada mu tsayar. Ya ce ta ci gaba da shayarwa, ciwon ba ya bin nono. Ya ce kada a bar ta ita kaɗai. Maganin babu shi a asibitin, sai da na zaga gari kafin na samu. Ragon da nake kiwo don layya shi ya tafi a wannan makon.

Yanzu na zo kan matan da suka sa na ɗauki alƙalami.

Bayan kwana kaɗan, da la'asar, ina zaure, mata biyu suka yi sallama. Ta gaban na san ta. Duk Birni an san Falmata mai turaren wuta, an kuma san cewa shekarun baya, bayan wata haihuwa, an tsinto ta a kasuwa ba mayafi ba takalmi. Hannunsu babu komai, ko sabulu.

Ta durƙusa ta ce, "Ina wuni, Baba. Mun zo wurin mai jego."

Na ce, "An yi suna tuni. Barka ta wuce."

"Ba barka muka zo ba. Dubiya muka zo."

"Wa ya ce muku akwai mara lafiya a gidan nan?"

"Matar gidan ce ta yarda a gaya mana."

Na bar su a durƙushe na shiga ciki. Ashe ranar asibiti, sanda na tafi neman magani, majo, wato babban ma'aikacin jinya na sashen, ya tambayi Hadiza ko tana so a turo mata wasu mata da suka taɓa irin wannan ciwo. Ta ce tana so. Na ce, "Yanzu maganar gidana a layin asibiti ake yanke ta?" Ta ce, "Malam, kai ka tafi neman ƙwaya. Ni kuwa na gaji da kuka ni kaɗai."

Na koma zaure na yi wa Falmata tambayoyina a jere. Wa ya aiko ku? Wa yake biyan ku? Me kuke samu?

Ta ce, "Ba mai biyanmu, Baba. Ba mu da yawa. Kowacce a cikinmu ta kwanta irin wannan kwanciya. Muna haɗuwa ranar Laraba a gidan ɗayarmu, in kuma an sami sabuwa mu je mata. Majo ya san mu, don a wurinsa muke karɓar namu maganin."

"Har yanzu kina sha?"

"Har gobe."

"To mara lafiya ce za ta yi jinyar mara lafiya?"

Ta yi dariya, abin da ban so ba. Ta ce, "Magani na lokotoro ne, ba ma taɓa shi. Mu zama muke yi. Wanda ya taɓa faɗawa rijiya ai ya fi na bakinta sanin zurfinta."

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Zargina uku ne. Na farko bori: mata masu taɓin hankali, da mai turare a gaba, suna taruwa a gida ɗaya, me ya rage ban da garaya? Na biyu proje, irin masu farar mota da ke rubuta sunayen talakawa su ɗauki hotonsu, su ci abinci da su. Na uku tsegumi, kuma shi na fi tsoro, don in maganar ta kai Dogo na san abin da zai biyo baya.

Na kafa musu sharuɗɗa huɗu. Ba turare, ba hayaƙi. Ba hoto. Ba rubuta sunan 'yata a ko'ina. Kuma ƙofar ɗaki a buɗe, Hadiza ko Ladi tana zaune.

Falmata ta ce ukun farko ta ɗauka. Na huɗun ne ba ta so.

Na ce, "Me za ku yi da ba a so uwarta ta gani?"

Ta ce, "Baba, mai kunya ta gaskiya in manya sun fita tana satar kallon ɗanta, tana taɓa ƙafarsa. 'Yarka ba a taɓa barinta ta gwada ba. Ga uwa, ga gwaggo, dare da rana a kanta. In ta ɗauke shi a gabansu ta yi rashin kunya. In ta ƙi, ta ƙara gaskata cewa ita ba uwa ba ce. Ta ina za ta fita? Mu ba manyanta ba ne, ba ta jin nauyinmu."

Na ce maganar tana da kai, amma ƙofa a buɗe. Ta ce gidanka ne.

Mako guda suna zuwa, yau wannan gobe waccan, su zauna, Ladi tana gefe ta kafa musu ido. Ba abin da ya sake. Ni kuma ban zauna ba. Na tambayi liman, ya ce matarsa ta san su, suna salla, bai ji wani abu ba. Na tambayi mai unguwa, ya ce ba a taɓa kawo masa ƙararsu ba. Na koma asibiti na sami majo, ya ce shi yake tura su, kuma in sun ga jikin wata ya rikice su suke fara kawo ta. Ranar Laraba na je na zauna wurin wani mai gyaran takalmi da ke kallon gidan da suka taru, na ba shi takalmin da ba abin da ya same shi. Ban ji garaya ba, ban ji kiɗan ƙwarya ba, ban ga hayaƙi ba. Na ga wata ta shiga tana share hawaye da gefen mayafi, ta fito tana cin gyaɗa. Abu ɗaya na gano: tabarmin da suke zama a kai wani proje ne ya ba su. Na tare Falmata da shi. Ta ce, "Haka ne. Sun zo, sun ba mu tabarmi, sun ɗauki hotonmu, ba mu sake ganinsu ba. Tabarmin dai suna nan." Ban ji daɗin hoton ba, amma ba ta ɓoye ba.

Abin da ya sa na janye sharaɗi na huɗu ba bincikena ba ne. Wata safiya na yi gyaran murya a ƙofa, sai na ji muryar Balkisa ƙasa-ƙasa. Ba gaisuwa ta yi ba. Ta ce, "Baba, a bar su su rufe ƙofar." Tun da ta haihu ba ta roƙi komai ba, ko ruwan sha. Na ce a rufe. Ladi ta yi fushi ta ce an mai da ita bare a gidan wanta.

Abin da ake yi a ciki ban gani ba, don haka ba zan ba da shaida a kansa ba. Abin da ya fito waje shi zan faɗa. A makon farko na rufe ƙofa ta fara shan rabin kunu. A na biyu Hadiza ta ce ta yi barci har an yi kiran salla ba ta ji ba. Ko maganin ne ya fara kamawa, ko matan ne, ko duka biyun, Allah ne masani. Na tambayi lokotoro a komawarmu, ya ce kada in raba su.

Ana cikin haka abin da nake tsoro ya faru. Sani ya zo da yamma, ya durƙusa a zaure, ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce labari ya kai Dogo cewa Balkisa ta zare, kuma mahaukata ne suke jinyarta. Iya Gambo ta ce ba za a shayar da mai sunan mijinta nonon ciwo ba. Akwai matar wansa a can tana goyo, ita za ta haɗa su ta shayar. Tunda an yi arba'in, za ta zo ta ɗauki yaron.

Na ce, "Kai me ka ce mata?"

Ya ce, "Baba, uwata ce."

Na gaya masa abin da lokotoro ya faɗa game da nono. Ya ce ya gaya mata, ta ce lokotoro bai taɓa shayarwa ba. Na ce ya koma ya roƙa mini arziki, a ƙara mana lokaci zuwa tsayuwar wata. Ta yarda da wannan kaɗai.

Washegari na tsare Falmata a zaure. Na ce, "Wa ya kai maganar gidana Dogo?"

Ta ce, "Ba daga bakinmu ba. Dokarmu ɗaya ce, abin da aka faɗa a ɗaki a ɗaki yake kwana. Wadda ta fitar, ta fita."

"Kina iya rantsuwa a kan kowaccenku?"

Ta ce, "A kaina nake iya rantsuwa."

Har yau ban san wanda ya kai ba. Yana yiwuwa a layin asibiti aka gan mu, rawani ba ya ɓoye tafiyar mutum. Yana yiwuwa Ladi ce cikin fushi, don tana da ƙawa a Dogo. Yana yiwuwa ɗaya daga cikin matan ce. Ban wanke kowa ba.

Da Balkisa ta ji za a zo ɗaukar yaron, sai jiki ya koma baya. Ta daina ci. Ta ce wa uwarta gaskiyar Iya ce, a ba su shi, ya fi masa. Na yi niyyar sallamar matan a wannan makon, na ce ga abin da zuwansu ya jawo. Falmata ta ce, "Haka yake, Baba, yana tafiya yana dawowa. Ni nawa sai da ya dawo har na daina lissafi. In ka kore mu yau, za ta ɗauka mu ma mun fid da rai." Ita ce kuma ta ce a mayar da ita asibiti kafin ranar da aka ba mu. Muka sake shatar mota, muka sake layi, lokotoro ya gyara awon maganin. A makon nan matan ba su bar ta ko yini ɗaya ba. Wata a cikinsu daga bayan Zango take zuwa a ƙasa, da goyo, cikin rana. Na lura ba ta taɓa karɓar ko kuɗin kabu-kabu ba, ko da Hadiza ta matsa mata. Na sa ido in ga ranar da za su kawo buƙata. Ba su kawo ba. Ban ce ba za su kawo ba.

Da wata ya kusa tsayawa na zauna na auna abin, na ga tarko ne ta ko'ina. In Iya Gambo ta zo Balkisa ta sunkuyar da kai ta ƙi taɓa yaron, kamar yadda ya dace a gaban suruka, za a ce ga shi nan, har yanzu ba ta son sa. In ta rungume shi a gabanta, za a ce mai hankali ba ta yin haka da ɗan fari, haukan ne. Na ce wa Falmata ta zo ranar ta yi bayani. Ta ce, "In na zo za a ce mahaukaciya ta zo shaidar mahaukaciya. Ranar nan ba tamu ba ce, tata ce."

Iya Gambo ta iso da hantsi, ita da Sani, da sabon zanen goyo a ninke a hannunta. Saboda girman maganar aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ni ma na shigo na zauna daga gefe. Aka gaisa. Na faɗi abin da zan faɗa, bi da bi: abin da lokotoro ya ce, sauƙin da aka samu, da hakkin uwa. Ta saurara har na gama. Ta ce, "Malam Habu, ban zo faɗa ba. Na ba ka goron yabo a kan yarinyar nan, ban kuma janye ba. Amma jinin ɗana ne. In ta warke ga Dogo nan, ba a ɗauke garin ba."

Ladi ta fito da yaron ta miƙa mata. Iya Gambo ta ɗora shi a baya, ta fara ja masa zane. Yaro ya tsanyara kuka. Hadiza ta juya fuska ga bango.

Sai labulen ɗaki ya ɗaga. Balkisa ta fito, ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, ba a ganin ko haɓarta. Ta tako a hankali, ta durƙusa a gaban surukarta, kanta a ƙasa. Sannan ta miƙo hannu biyu daga cikin mayafin, ta bar su a buɗe.

Iya Gambo ta tsaya da bakin zane a hannu. Ta ce, "Ke, ba ki jin kunyata?"

Ta ce, "Ina ji, Iya."

"To mene ne wannan?"

"Yunwa yake ji."

Ba wanda ya motsa. Hannuwan suna nan a miƙe, ba ta janye ba. Yaron yana ta kuka. Can Iya Gambo ta sassauta zanen, ta zamo da shi, ta ɗora mata a hannu. Balkisa ta juya mana baya, ta sa shi cikin mayafi, kukan ya yanke.

Iya Gambo ta ce ba ta yarda ba tukuna, za ta zauna ta gani da idonta. Ta zauna mana kusan mako guda, tana leƙe, tana tambaya, har ƙwayar maganin ta sa aka nuna mata. Ban ga laifinta ba, ni ma da haka zan yi. Ranar da Falmata ta zo suka haɗu a tsakar gida, suka yi wa juna kallon tsaf, suka gaisa sama-sama. Da za ta koma Dogo ta ɗaga yaron ta ce, "Mijin nan nawa ya ƙi ni, ya ga inda ake ƙoshi." Ta bar wa Balkisa zanen goyon.

Daga baya na tambayi Balkisa ko matan ne suka koya mata rufe fuska da miƙa hannu. Ta ce, "Baba, abin da aka faɗa a ɗaki a ɗaki yake kwana." 'Yar da na haifa ce ta gaya mini haka. Ban ji daɗi ba.

Yanzu ta koma ɗakinta a Zango da ɗanta. Tana shan magani, tana komawa asibiti in lokaci ya yi. Akwai ranakun da jikin yake nauyi, ba na cewa ta warke sarai.

Ga gargaɗina. Na ɗaya, in mai haihuwar fari ta kau da kai daga ɗanta, kada ku tsaya a yabo, ku duba kwanonta, ku duba barcinta. Na biyu, ku riƙa fita daga ɗakin kuna ba ta wuri. Na uku, ku je asibiti da wuri, ku haɗa da addu'a, kuma ku tanadi kuɗin mota fiye da na magani. Na huɗu, in irin waɗannan mata sun yi muku sallama, ku bincika. Ku tambayi wanda ya turo su, ku tabbata ba sa taɓa magani, ba sa karɓar kuɗi, ba sa ɗaukar hoto. Ba duk mai cewa ta taɓa ciwo ce abin yarda ba. In kun bincika ba ku sami komai ba, ku bar su su rufe ƙofar.

Ina gode wa lokotoro da majo, ban kuma yafe layin da aka tsallake mu ba. Ina gode wa Hadiza da Ladi. Falmata da 'yan'uwanta, Allah Ya biya su, Ya ƙara musu lafiya, ko da yake har yanzu ban gane abin da suke samu ba.

Taron nasu yana zagayawa gida-gida. Larabar da ta wuce Hadiza ta ba su aron ɗakinta, sai da suka fara sallama na sani. Aka ce maza su ba da wuri. Na ɗauki buzuna na koma zaure, a gidan da na gina da hannuna. Suka rufe ƙofa. An jima na ji wata tana kuka. Can sai dariya ta tashi, ta mutane da yawa. Ban san abin da ake yi wa dariya ba, ina kyautata zaton ni ne. Na miƙe zan yi gyaran murya, sai na ji wadda muryarta ta fi ta kowa tashi Balkisa ce.

Na koma na zauna.